Gaurakar Malam Nata'ala

Rumfata ta zare tana jikin ta Malam Nata'ala a Ƙofar Wambai, wani tsohon buhu ne kawai muka rataya ya raba mu. Ni Ilu mai zare, shi baduku. Shekara da shekaru muka yi a haka, ina jin basillarsa tana huda fata, yana jin cinikina da masu ɗinkin hula, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

A Sheshe aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina, kuma a nan ya tsufa, su biyu rak da matarsa Mero. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, yatsunsa sun rine da jan fata har sabulu ya haƙura da su. Tumtum yake yi da gafaka da kuben wuƙa, wani lokaci ragamar doki. Aikinsa yana da kyau, sai dai ba ya sauri, shi ya sa bai taɓa tara abin duniya ba. Kallo ne yake cinye masa yini. Idan majema suka kawo masa fata sai ya shimfiɗa ta a cinya ya yi ta shafawa.

"Ilu, leƙo ka gani," haka yake ce mini. "Wannan akuyar ta sha ƙaya. Ga inda ta kutsa shinge, ga inda igiya ta ci wuyanta. Mai yawo ce."

Daga nan sai idonsa ya tafi can wajen ganuwa, ka san ya bi akuyar nan cikin wani daji da shi kaɗai yake gani. Mai kaya yana tsaye yana jira, sai na yi gyaran murya sannan ya dawo.

Akwai wani likitan dabbobi, Dakta Lawal, da ya buɗe ɗan asibitinsa a wani tsohon siton gyaɗa, ka fita ƙofa kaɗan. Yawancin aikinsa awaki ne da raguna da dawaki, amma ya yi suna wajen duba ƙananan dabbobin gida, don haka manyan mutane daga unguwannin waje suke aiko masa da karnuka da kyanwoyi a bayan mota. Wata rana ya zo kasuwa neman wanda zai ɗinka masa takunkumin kare, aka nuna masa Nata'ala. Nata'ala ya ce ba zai ɗinka abin da bai auna ba, sai ya ɗauki zarensa ya bi likita.

Da ya dawo ya zauna bai taɓa aiki ba. Can ya ce, "Ilu, na ɗora hannu a wuyan wani doki da suka ɗaure a can. Tun ina yaro fata nake taɓawa, amma yau na ji fata tana numfashi."

Tun daga ranar ya zama ɗan gida a asibitin. Ko babu aiki yakan leƙa bayan la'asar, ya zauna a kan benci a bayan gida inda kejuna suke, ya yi kallo. Dakta Lawal yana kiransa Baba, shi kuma yana ce masa Likita.

Sai shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ta zo, casa'in da tara. A kasuwa kowa da rediyonsa a kunne, katangu sun cika da fastocin 'yan takara har ba ka ganin jar ƙasar. Mu dai abin da muka gani ke nan. Amma a can unguwannin manya kaya ake ɗaurewa. An yi wa wasu canjin wurin aiki, an yi wa wasu ritaya, wasu kuma da suke cin abinci a gindin masu tafiyar suka ga zaman bai kama su ba. Nata'ala ne ya fara gaya mini cewa bayan asibitin ya cika.

Na bi shi na gani da idona. Ga wani ƙaton kare irin na Turawa, da ya ji ƙarar mota sai ya miƙe tsaye ya kafa kunnuwa, idan ta wuce ya koma ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ga wata farar kyanwa mai gashi buzu-buzu, idonta shuɗi, ta juya wa kowa baya. Ga aku a keji yana kwaikwayon ƙarar tarho, har likita ya sha rugawa ofis yana zaton wani ne ya tuna da dabbarsa. Can a kusurwa kuma, a jikin katanga, wata gauraka ce a tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a naɗe da bandeji tana reto.

Dakta Lawal ya ce, "Baba, kowa ya kawo sai ya ce ɗan ciwo ne, jibi direba zai zo ya ɗauka. Direban ba ya zuwa. Na buga waya, tana ta ƙara a gidan da ba kowa. Wani gidan da kaina na je, na tarar an sake fenti, sabon kwamishina ya tare. Ni ba ni da wurin ajiye su, kuma hannuna ya ƙi yi musu allurar da ba a tashi."

Nata'ala kuwa hankalinsa yana can kusurwa. Gaurakar yake kallo. Baƙa ce mai ruwan toka, kumatunta fari da ja kamar an shafa mata da yatsa, a kanta ga tukku tsaye ruwan zinariya, rana tana ratsa shi. Ita ma ta karkato kai tana kallonsa da ido ɗaya.

Abin da ya yi daga nan ya ba ni mamaki, domin mutum ne da ko bikin unguwa sai an ja shi. Sai ga shi yana shiga lungu yana fita lungu, yana sallama a zauruka, yana neman wa dabbobin nan gida kamar mai neman wa marayu riƙo. Kyanwar ya kai wa 'Yardada, wata tsohuwa mai koko a Dukawuya da take zaune ita kaɗai. Ta ce ita ba ta da naman gwangwani, ya ce ai yunwa za ta koya mata tuwo, kuma ta koya. Karen ya fi wuya, don ba wanda zai shigar da kare gida a cikin birni. A ƙarshe Garba mai gadin kasuwa, mutumin ƙauye da ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya karɓa. Sai aka tarar karen ba ya jin Hausa, sai Turanci. Likita ya zaunar da Garba ya koya masa kalma biyu, aka yi ta jin sa a bakin kasuwa yana "Kam! Sidan!" mutane suna dariya. Akun kuwa likita ya riƙe abinsa, ya ce sun riga sun saba.

Gaurakar ce ta rage. Likita ya yi mata ɗori, amma duk bandejin da ya naɗa sai ta sa baki ta warware. Suka zauna su biyu suka yi shawara. Likita ya zana yadda ƙashin yake, Nata'ala ya zaɓi fatar ɗan akuya mai laushi ya ɗinka wata 'yar riga ta ƙafa, ya zura siraran gora a ciki, ya yi mata maɗauri ta baya inda bakinta ba ya kaiwa. Ta yi ta saran abin har ta gaji ta ƙyale.

Ranar da ya kai ta gida ina biye da shi. Ya rufe mata kai da tsohuwar hularsa don kada ta firgita, ya rungume ta a hammata, dogayen ƙafafunta suna lilo har gwiwarsa. Muka ratsa lungunan Sheshe, mata suna leƙowa ta ƙofa. Na tsaya a zaure, ina jin su.

"Malam, wannan kuma fa?" in ji Mero. "Me ka kwaso mana?"

"Baƙuwa ce. Masu ita za su zo."

"Baƙuwa har ƙuguna? To me take ci?"

"Abin da muke ci, kafin a daka."

Sunan ke nan da ya bi ta, Baƙuwa. Ya ƙi raɗa mata wani, ya ce tana da nata sunan a wani wuri, ba daidai ba ne a ɗora mata biyu.

Farkon zamanta an sha rigima. Da gari ya waye sai ta miƙa wuya ta saki wani kuka mai amo kamar an busa ƙaho a cikin rijiya, har maƙwabta suka kai ƙara. Mai unguwa Shehu ya zo da kansa, fuska a ɗaure. Nata'ala ya fito masa da ita zaure. Ta taka a hankali, tana ɗaga ƙafa kamar mai gudun taka ƙazanta, ta zagaye shi, ta tsaya tana duban carbinsa. Mai unguwa ya yi ta kallo yana tasbihi, ya sha ruwa, ya yi sallama ya tafi, bai ko ambaci abin da ya kawo shi ba.

Mero da ta fi kowa mita ita ta fara sabawa da ita. Duk inda ta nufa a tsakar gida tsuntsuwar tana bayanta, daga bakin murhu zuwa bakin rijiya. Nata'ala ya lura ba ta son tsintar gero a ƙasa, sai an zuba a tafin hannu, kuma hannun Mero ta fi so. Wannan ya ishe shi abin tunani na wata da watanni. Yakan ajiye basilla ya ce, "Ilu, gidan da ta fito akwai ciyawa kore shar, da famfon nan mai juyawa yana watsa ruwa. Akwai wata mace da take fitowa da hantsi, ta zauna a kan kujerar ƙarfe, ta miƙa mata hannu. Ina ganin matar kamar ba mai yawan magana ba ce." Na ce, "Malam, kai da ba ka taɓa zuwa ba?" Ya ce, "Ina zuwa mana. Duk ƙailula ina zuwa."

Damina ta yi nisa lokacin da likita ya zo ya kwance mata rigar ƙafa. Ta sauke ƙafar, ta gwada, ta tsaya da biyu. Bayan 'yan kwanaki aka tashi da hadari da rana tsaka, muka rufe rumfuna, na raka shi gida don na fake. Mero tana ɗaki, sai ya kira ni ƙasa-ƙasa ya ce na shigo na gani. Yayyafi ake yi, rana kuma ba ta ɓuya ba, tsakar gidan ya yi wani haske rawaya. Baƙuwa tana tsakiya ta buɗe fukafukai, sai ga fari fat a cikinsu wanda ban taɓa sanin tana da shi ba. Ta rusuna, ta yi tsalle sama kamar ba ta da nauyi, ta sauko ba ƙara, ta ɗauki wani kara ta jefa sama ta sake tsalle. Ba kiɗa, ba kowa, ruwa yana gangara ta indararo. Na waiwaya na ga Nata'ala ya fita daga ƙarƙashin rumfa, ruwa yana dukansa, bakinsa a buɗe. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Da ta gama ta karkaɗe jiki ta koma bakin rijiya kamar ba ita ba.

Duk da haka bai daina leƙawa asibiti yana tambaya ba. "Likita, ba wanda ya zo?" Likita ya ce, "Baba, ka haƙura, ta zama taka." Shi kuwa sai ya girgiza kai.

Damina biyu suka wuce. Wata ranar Alhamis ina auna zare sai ga wani dattijo a bakin rumfarmu, sanye da farar shadda da ta yi masa yawa, tsayuwarsa a miƙe irin ta wanda ya daɗe a kaki. Ya yi sallama ya ce Dakta Lawal ne ya kwatanta masa. Sunansa Alhaji Bashir, kanar ne mai ritaya. Ya dubi Nata'ala ya ce, "An ce akwai wata tsuntsuwa a wurinka."

Nata'ala ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, tana nan lafiya. Mun daɗe muna jiran ku."

Ya roƙe ni na bi su. Da muka isa ya shiga ya gaya wa Mero, ta koma ɗaki ta saki labule, sannan ya shigo da mu tsakar gida ya shimfiɗa tabarma. Baƙuwa tana bakin rijiya. Alhaji Bashir ya tsuguna ya miƙa hannu ya kira, "Gimbiya." Ta dube shi da ido ɗaya, ta dubi maɓallin rigarsa, ta juya ta nufi ƙofar ɗakin Mero ta tsaya.

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Ba ta san ni ba. Da ma ba ni nake ba ta abinci ba."

Ya zauna ya ba mu labari. Ta matarsa ce, Hajiya Khadijat. Tun tana 'yar tsako aka kawo mata ita, ta raine ta a hannu. A makon da aka yi masa ritaya aka ce su tashi daga gidan gwamnati, a makon ne masu kwashe kaya suka jefar da akwati a kan ƙafar tsuntsuwar, kuma a makon ne likitoci suka gaya masa ciwon da Hajiya take ɓoyewa ya ci ƙarfinta. Ya tura direba ya kai tsuntsuwar asibiti, shi ya wuce da matarsa Kaduna.

"Kullum sai ta tambaye ni," in ji shi. "Ina ce mata tana nan, an kusa sallamo ta. Bayan ta rasu na san inda tsuntsuwar take, ba mantawa na yi ba. Kukan nan nata ne na kasa jurewa. Na san idan na ji shi da safe zan waiwaya neman mai ita."

Nata'ala ya sunkuyar da kai. Can ya tambaya a hankali, "Hajiya mai yawan magana ce?"

"Ita? Ai ba ta rufe baki. Har da tsuntsuwar take hira."

Nata'ala ya yi murmushi ya ce, "To, a nan na yi kuskure." Alhaji bai gane ba, ni kuma ban yi bayani ba.

Daga bayan labule muryar Mero ta fito. "Alhaji, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ta iya raino. Ko ɗan mutum aka ba wa tarbiyyar nan an gode."

Mutumin nan da ya yi shekaru yana ba da oda ya sa hannun riga ya rufe fuska. Muka ƙyale shi har ya nutsu.

Nata'ala ya ce, "Ranka ya daɗe, amana ce, ga ta nan. In ka sa rana sai mu kai maka ita."

Alhaji Bashir ya daɗe yana kallon yadda tsuntsuwar ta cusa kai ta gefen labule, hannun Mero ya fito da gero a tafi. Ya ce, "Malam, ni ɗaki biyu nake haya yanzu, a bene. Ina zan kai ta? Abu ɗaya nake roƙo, a bar ni na riƙa zuwa."

Haka kuwa aka yi. Kusan kowace Juma'a idan aka sauko daga masallaci sai ga tsohuwar a-kori-kurarsa a bakin lungu, shi kuma ya shigo da ƙullin gero ko fara. Su zauna a tabarma, baduku da kanar, wani lokaci har la'asar ba su yi magana goma ba. Mutanen unguwa suka yi ta zaton siyasa ce ta kawo shi, ana jiran ya fito takara, bai fito ba. A hankali Baƙuwa ta fara karɓar gero a hannunsa. Yana ce mata Gimbiya, su suna ce mata Baƙuwa, ita kuwa ba wanda take amsawa sai ta ga dama.

Daga baya ciwon yanar ido ya kama Nata'ala, ya daina ganin kafar allura. Alhaji Bashir ne ya ɗauke shi ya kai shi aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe. Bai koma ɗinki sosai ba, sai dai yakan zo rumfa ya zauna don hira. Ya ce da idon da aka gyara yana ganin kasuwa, da ɗayan kuma yana ganin wani wuri mai hazo, fari, shiru, kuma bai san wanda ya fi so ba. Wata bazara ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa da hantsi, Mero tana gefensa.

Bayan ta fita takaba 'yarsu Husaina, da take aure a Gusau, ta zo tafiya da ita. Sai maganar tsuntsuwa ta taso. Husaina ta ce motar haya ba za ta ɗauka ba, ko a mayar wa likita ya nemi wani. Mero ta ce, "Asibiti kuma? An yi mata sau ɗaya, ya isa. Inda zan kwana nan za ta kwana."

Alhaji Bashir ya ce shi zai kai su. Ranar tafiya na rufe rumfa na je. Aka ɗora akwatin Mero da tukwanenta a bayan mota, aka kafa wani babban kwando a tsakiya aka sa tsuntsuwar, wuyanta ya fito ta sama. Alhaji ya buɗe wa Mero ƙofar gaba, ta ƙi. Ta ce a kama mata ta hau baya, kada iska ta tsorata 'yar mutane. Husaina ta yi magiya har ta gaji, ta shiga gaba ita kaɗai. Mero ta zauna a kan akwati, ta gyara mayafi, ta dafa kwandon da hannu ɗaya, ta ce da ni, "Malam Ilu, a yafe mu."

Motar ta tashi a hankali. Na bi su da ƙafa har bakin titi, kuma ban sha wuya ba, domin Alhaji tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai. 'Yan acaɓa da motoci suka taru a bayansa suna ta oda, ko a jikinsa. Wani ɗan dako da buhu a ka ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana kallo, har sai da na ja hannunsa gefe.